Sharhabil da Kyamara Mai Kwaikwayon Tsufa

Ni ƙanwar uwarsa ce, saboda haka babu mai ba ni labarin Sharhabil. Ina tsaye a barandar asibiti ranar da aka haife shi, ni na fara goya shi, kuma zanena ya fara ɓatawa a duniya. Yau shekararsa talatin da huɗu, ga gemu, ga katin aikin gwamnati rataye a wuya, amma har gobe idan na hango shi ya nufo shagon ɗinkina a Unguwar Sarki sai in ji kaina ya fara sarawa.

Ba mugu ba ne. Wallahi da mugu ne da na fi ganin girmansa, don shi mugu ya san abin da yake yi. Sharhabil irin mutanen nan ne da ba su taɓa neman abu sun rasa ba, sai suka koma sha'awar wahalar da wasu suka sha suka gode wa Allah da ta wuce.

Ubansa, Alhaji Inuwa, ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, ya yi ritaya da mutuncinsa da gida guda. Uwarsa, Yaya Kaltume, malamar firamare ce har ta ajiye alli. Shi ne ɗan fari, Yaya kuwa irin matan da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take cewa. Ba ta yi masa faɗa ido da ido, ba ta jayayya da shi. In ya yi laifi sai ta aiko ni. Haka ya tashi yana ɗaukar shirun uwarsa a matsayin yabo, ni kuma ya sa min suna masifaffiya.

Sakandare da ƙyar ya gama ta. Ya yi difloma, uban ya yi ta zarya wurin tsofaffin abokan aikinsa har aka samo masa kujera a wata ma'aikata. Abin da yake yi a can Allah ne masani. Mu dai abin da muka sani, kowace shekara da sabuwar haukar da yake shigo mana da ita. Ya yi kiwon tarwaɗa a bayan gida, ya tafi Abuja kwana huɗu bai bar wa kowa sallahu ba, kifin ya mutu, layinsu ya yi mako yana wari. Ya yi wata shida yana kiran kansa manomin zamani, alhali barkono ne tukunya uku a baranda. Daga nan sai ciwon tsofaffin kaya ya kama shi. Ba tsofaffin gaske ba fa, sababbi fil waɗanda aka yi musu kwalliyar tsufa. Ya sayi rediyo mai kama da ta kakanmu amma memori ake soka mata. Ya sayi tabarau mai kaurin baki, idonsa kuwa garau. Duk abin da ka tambaye shi sai ya ɗaga hanci ya ce bintej ne, wai tsohon yayi mai daraja.

A cikin wannan ciwon ya yi odar kyamarar daga waje. Baƙa ce da ɗan ruwan azurfa a sama, an naɗe ta da roba mai kwaikwayon fata. Tana da wani ɗan hannu da ake ja da babban yatsa bayan kowace ɗauka, ya yi ƙara kamar ana naɗe fim. Babu fim a ciki, memori ne irin na waya. An kuma ƙi sa mata gilashin baya da ake duba hoto, da gangan, wai don mai ɗauka ya ɗanɗani zullumin da masu hoton da suke yi. In hoton ya fito sai ka gan shi ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, gefe da gefe ya yi duhu, ga wani ƙarce siriri ya ratsa shi. Sabon hoto ne na yau, amma an dafa shi ya yi kamar ya kwana shekara arba'in a ƙasan akwati.

Ranar da ya kawo ta shagona yin baje koli, ya tarar da Malam Ɗayyabu ya zo karɓar ɗinkin matarsa. Malam Ɗayyabu shi ne mai hoton Kurmin Mashi, kuma duk wani suna da saukar karatu da biki na danginmu shi ya ɗauka, har sunan Sharhabil ɗin. Ya karɓi kyamarar ya juya ta, ya karanta sunan da ke goshinta.

Ya ce, "Wannan sunan na san shi. Da irinta maigidana ya koya min aiki. Amma ai kamfanin ya mutu tun gashina yana baƙi."

Sharhabil ya ce, "An farfaɗo da shi, Malam."

"Sunan aka saya aka liƙa, ɗana. Ka ji nauyinta kuwa? Kamar kwalin ashana."

Sharhabil ya yi dariyar nan tasa ta wanda ya fi kowa wayewa, ya buɗe wayarsa ya nuna masa hotunan da ya ɗauka. Malam Ɗayyabu ya duba ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "Wannan dattin da kake gani, shekara ashirin na yi ina faɗa da shi a ɗakin wankin hoto. In ya fito a hoton mutum, haƙuri nake ba shi in sake masa wani. Yanzu shi ake sayarwa?"

"Malam, ai shi ne ruhin hoton."

Dattijon ya miƙa masa abarsa, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki ledarsa ya fita. Ni kuwa na ce wa Sharhabil ya matsa min daga hasken ƙofa ina aiki.

Da abin ya tsaya a hoton bishiyoyi da masu shayi da yake yawon ɗauka a Rafin Guza, da ban ɓata bakina ba. Amma sai bikin Aziza ya zo.

Aziza ƙanwarsa ce, ita ce auta, kuma ita ce wadda Yaya ke iya so a fili ba tare da kunyar kowa ba. Mijin da za ta aura a Fatakwal yake aiki, can za a kai ta. Ita kuma Yaya ciwon suga ya daɗe yana cin idonta. Na dama ya riga ya tafi. Na hagu likitan asibitin ido ya gaya mana a gabana cewa kada mu sa rai ya daɗe. A lokacin ba ta gane fuska sai ta kusa haɗa goshi da mutum, amma launi mai ƙarfi tana ganinsa. In na shigo da jan mayafi, tun daga bakin ƙofa za ta ce, "Hadiza ce."

Wata biyu kafin biki ta sa aka kawo ta shagona. Ta zauna a bencin kwastomomi ta ce, "Hadiza, abu ɗaya nake so a bikin nan. Ranar da za a tafi da ita, ki ɗinka mata ruwan goro mai haske, kada kowa ya sa irinsa. Ni ki yi min kore shar. Sauran mata duk su yi ankon shuɗi. A ɗauke mu ni da ita, a wanke shi babba a kafa min a ɗaki. In na ga kore in san ni ce, in na ga ruwan goro in san ita ce, in ga sun jingina da juna. Ina so in ƙoshi da kallonsa kafin abin ya rufe."

Sai na sunkuya ina neman almakashin da ke hannuna. Sau uku muka je babbar kasuwa. Duk leshin da aka sauko mana da shi sai ta fita da shi rana, ta sa na tsaya nesa na riƙe, ta ce in ƙara matsawa baya. Masu shago har sun fara ƙosawa da mu. A na ukun muka dace da wani ruwan goro da ta hango daga tsallaken layi, ta yi dariya kamar yarinya. Na ɗinka kayan nan da hannuna, ban bar wa kowa ko kalmasa ba.

An riga an gaya wa Malam Ɗayyabu rana. Sai Sharhabil ya je ya sami ubansa ya ce abin kunya ne gida yana da mai hoto a kira bare. Alhaji Inuwa, wanda ya gaji da ganin ɗansa ba ya tsinana komai, ya ji daɗi wai yau ga shi zai yi wa gida amfani, ya amince. Aka aika wa Malam Ɗayyabu cewa an hutar da shi. Da Yaya ta ji, ba ta ce a'a ba, don ba za ta iya ba. Ta kira ni gefe ta ce, "Ki gaya wa wancan mai kala nake so."

Na same shi a tsakar gida yana goge kyamarar da wani ɗan ƙyalle kamar mai yi wa jariri wanka. Na zayyana masa komai, idon uwarsa, maganar likita, dalilin kore da ruwan goro. Na ce, "Ka ji ni da kyau? Mai kala. Kala mai ƙarfi."

Ya ce, "Anti, ke dai ki bar min wannan fannin. Kowa da inda ya ƙware."

"Na ce ka ji ni?"

"Na ji, Anti, haba!"

Ya ji ɗin kuwa. Ta nan ya shiga ta can ya fita.

Yaya ba ta je kamu ba, ba ta je wurin liyafar ƙawaye ba, uwar amarya ce tana gida da baƙi. Don haka wuri ɗaya ne kawai za su haɗu da Aziza cikin waɗannan kaya, wato falon Alhaji bayan la'asar, lokacin da dangin ango suka zo ɗaukar amarya aka shigo da ita sallama da iyaye. Muna isa ƙofar falon muka tarar da Sharhabil ya tare hanya da kwando, wai kowa ya ajiye wayarsa. Wai waya tana kashe yanayi, wai haka ake yi yanzu a manyan bukukuwa. Mata suka yi ta gunaguni suna ajiyewa, don yayan amarya ne. Ni ma na ajiye. Hannuna ɗaya yana riƙe da mayafin Aziza, ɗayan yana gyara mata ɗankwali, na jefa wayar a kwando ban yi tunanin komai ba. Wannan kam laifina ne, kuma ban yafe wa kaina ba.

Aziza ta durƙusa gaban uwarta. Yaya ta lalubo kanta ta jawo ta ƙirjinta, suka yi ta kuka. Hasken yamma ya shigo ta taga ya sauka a kansu, koren nan da ruwan goron nan suka haska falon gaba ɗaya. Ko makaho aka ba kyamara a wannan lokacin zai fito da abin kirki. Sharhabil yana ta tsalle daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya durƙusa, ya hau kujera, yana jan ɗan hannun nan na ƙarya yana ƙara. Aka tafi da amarya kafin magariba.

Kashegari na ce ya kawo hotuna. Ya ce sai an jira. Na ce jiran me, ba memori ba ne? Ya ce ai daɗin abin ke nan, a da ma sai an jira wanki, jira yana ƙara wa hoto daraja. Kun ji fa. Hotunan suna kwance a memori tun ranar, minti biyar ya isa a fitar da su, amma shi yana wasan kwaikwayon mai hoton da. Yaya kullum sai ta tambaye ni, kullum sai in bi shi. Mako biyar ya ja mu. A cikin makonnin nan ne ta daina gane jan mayafina daga ƙofa, sai na zo tsakiyar ɗaki.

Rannan ya shigo shagona da firam babba naɗe a takarda, yana murmushi har kunne. Ya kwance ya jingina shi da keken ɗinki ya ja baya ya harɗe hannu.

Fari da baƙi ne. Duka. Ba ma fari da baƙi mai tsabta ba, toka-toka ne, ga yashin nan, ga ƙarcen nan ya bi ta kan kafaɗar Yaya. Kuma bai ɗauke su su biyu ba, ya haɗa da matan da ke falon su tara, wai don a ga labarin wurin. Kore da ruwan goro da shuɗi duk sun koma launi ɗaya, kamar an wanke su a ruwan toka.

Na ce, "Sharhabil, ina kalar?"

Ya ce, "Anti, lokacin kuka ba ya son kala. Duk manyan masu hoto sun san haka. Da kaina na murɗa ta zuwa fari da baƙi da na ga yanayin."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya wa ɗan kowa ba, har mai shagon kusa da ni ta leƙo. Shi ko a jikinsa. Cewa ya yi matsalar mutanenmu ke nan, ba su san fasaha ba.

Na karɓe memorin daga hannunsa na hau Keke Napep zuwa Kurmin Mashi. Malam Ɗayyabu ya sa shi a kwamfutarsa ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya girgiza kai. Ya ce kyamarar ba ta ajiye kalar a ko'ina ba, abin da ta dafa shi ne kawai. Ya ce, "Hajiya, lokacin da muke fari da baƙi na dole, mu muke gaya wa mata abin da za su sa. Kowane ɗan koyo ya san kore da ruwan goro toka ɗaya suke bayarwa. Ɗan naku ya ari rigar aikinmu bai tambayi yadda ake sa ta ba."

Sharhabil ya ce zai mayar da kalar da wata manhaja. Ya ci mana wasu kwana goma, ya kawo abin da ya fi na farko muni. Manhajar ta yi cankenta, ta sa wa Aziza shuɗi, ta sa wa Yaya ruwan ƙasa, fuskoki suka yi jajir kamar an shafa musu manja. Malam Ɗayyabu ya gwada bi da hannu a kwamfuta, amma yashin ƙaryar nan ya cinye bakin kowace riga, kalar sai ta yi dabbare-dabbare. Na buga wa Aziza, ta sa kayan a Fatakwal ta ɗauka da waya ta turo, muka wanke babba. Yaya ta kai shi dab da idonta ta ce, "Na gan ta, Allah ya yi mata albarka. To ina wanda nake riƙe da ita?"

Ƙarya ta ƙare mana. Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Sharhabil ya shigo da firam ɗin nan na toka ɗakin uwarsa. Alhaji yana zaune, ina zaune. Ya ɗora mata a cinya.

Yaya ta sa hannu biyu ta riƙe. Ta juya shi wajen taga. Ta kai fuskarta har hancinta ya taɓa gilashin, ta bi shi daga wannan gefe zuwa wancan a hankali, ta sake dawowa. Ina jin numfashinta. Ta nemi kore ba ta samu ba, ta nemi ruwan goro ba ta samu ba, kuma ba ta tambaya ba, don wanda ya yi aikin yana tsaye a kanta.

Can sai yatsanta ya tsaya a gefen dama, kan wata mata mai farin mayafi, wadda ta fi kowa haske a hoton. Tare da dangin ango ta zo, ɗaukar amarya ne kawai ya kawo ta. Aziza tana can tsakiya, kanta a ƙirjin uwarta, ta narke cikin toka.

Yaya ta ce, "Ga ta nan." Ta shafa wurin da yatsa. "Ga autata."

Alhaji Inuwa ya sunkuyar da kai. Ni ban gyara mata ba, don ban ga abin da gyaran zai ƙara mata ba sai baƙin ciki. Sharhabil kuwa bai ko kalli inda yatsan yake ba. Ya juyo gare ni yana washe baki ya ce, "Anti, kin gani ko? Ba na ce miki za ta gane ba?"

Na tashi na fita tsakar gida, don in na zauna zan yi abin da za a daɗe ana faɗa a dangi.

Yanzu ya buga kati, yana karɓar aikin biki ranakun Asabar, kuma wai yana samun masu kiransa, irinsa ba su da wuyar samu a garin nan. Idon Yaya ya rufe kafin azumi, sai dai ta bambance dare da rana. Firam ɗin yana rataye saitin gadonta inda hannunta ke kaiwa. Kullum da safe sai ta laluba ta gefen dama ta shafa wurin nan, har gilashin ya dushe a kan fuskar matar. Na tambayi Aziza ko wace ce, ta tambayi mijinta, ya ce yana jin maƙwabciyar gwaggonsa ce da aka cike mota da ita. Har yau ba mu san sunanta ba.